Jirgin da Ya Kamata a Sake Ƙerawa

Wata Asabar bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida, ƙanena ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, dubi wannan ikon Allah." Bidiyon wani katafaren jirgin ruwa ne na katako, mai dogayen turaku uku, an baza masa fararen filafilai na zane iska tana kora shi a kan teku. Samari da 'yan mata suna ta hawa igiyoyinsa kamar masu hawan dabino. Sunansa Hermione, na Faransa ne. Kuma ba tsohon jirgi ba ne. Kwaikwayon wani jirgin yaƙi ne da aka ƙera a 1779, aka sake yin irinsa a garin Rochefort daga 1997 zuwa 2014.

Wani dattijo maƙwabcinmu ya karɓi wayar ya duba, ya girgiza kai. Ya ce, "Allah ya raba mu da rashin abin yi. Shekara 17 ana sassaƙar abin da ba ya dakon kaya, ba ya zuwa yaƙi? Mu kuma da ko teku ba mu da shi, ina ruwan biri da gada?"

Ban iya mayar masa da amsa a wurin ba, don girmansa. Amma maganar ta tsaya mini a rai har yau.

Ra'ayina shi ne, sake ƙera irin waɗannan jirage ba ɓarnar dukiya ba ce, aiki ne mai daraja. Abin da ke damuna daban ne: jiragen da ake zaɓa a raya, da labarin da ake ɗora musu a littattafai da finafinai, rabin magana ne. Ɗaya rabin da ake tsallakewa kuwa ya shafe mu kai tsaye, mu da muke ganin babu abin da ya haɗa mu da teku.

"Ai ba na asali ba ne"

Wannan shi ne abin da aka fi saurin faɗa. Kuma gaskiya ne, Hermione na asali ya farfashe a gaɓar Faransa tun 1793. Na yanzu har inji aka sa masa da na'urorin zamani, domin doka ba za ta bar shi ya ratsa teku babu su ba.

To amma wane ne na asalin? HMS Victory, jirgin da Admiral Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya mutu a cikinsa a yaƙin Trafalgar ranar 21 ga Oktoba 1805, yana nan a Portsmouth ta Ingila, a kafe a wurin gyaran jirage tun 1922. An saka shi a ruwa a 1765, kuma tun daga lokacin ake cire ruɓaɓɓen katako ana sa sabo. USS Constitution na Amurka, wanda aka saka a ruwa a 1797 kuma har yau yake shawagi a Boston, mafi yawan katakonsa ba na farko ba ne. Duk da haka ba wanda yake cewa na jabu ne.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. Damina ta zaizaye, rani ya yi a kwaɓa ƙasa a mayar. Soron da kakanka ya gina, bayan shekara 100 da wuya a ce ga yaɓen da hannunsa ya taɓa, amma soronsa ne. Abin da ke riƙe da shi shi ne akwai maginin da ya san yadda ake jera azara, yadda ake tayar da bakan gizo irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a masallacin Juma'a na Zariya. Ranar da aka rasa mai wannan sani, ranar ginin ya fara mutuwa, ko da yana tsaye. Mun ga yadda aka rushe wasu ƙofofin Kano don faɗaɗa titi, aka tayar da su da siminti. Suna yana nan, siffa ta ɗan yi kama, amma sana'ar ba ta ciki.

A nan ne na ga darajar aikin Rochefort. Jirgin farko cikin ƙasa da shekara ɗaya aka gama shi, domin a lokacin garin cike yake da masassaƙa da maƙera da masu tufkar igiya da maɗinkan filafilai. Na biyun ya ci shekara 17, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne sai da aka sake koyon abin da aka manta. An sare bishiyoyi kusan 2,000, an nemo masu lanƙwasar da ta dace da haƙarƙarin jirgi. An horar da matasa yadda ake hawa turke a tsakiyar iska a naɗe zane mai nauyin gaske. Wannan sani ba ya zama a takarda. Sai hannu ya yi, jiki ya ji.

Akwai jirgin da kusan dukkansa na asali ne: Vasa na ƙasar Suwidin. Ranar 10 ga Agusta 1628 ya bar tashar Stockholm a tafiyarsa ta farko, ɗauke da igwa 64, bai yi nisan da ya wuce mita 1,300 ba iska ta kwantar da shi ya nutse, mutane kusan 30 suka mutu. Samansa ya fi ƙasansa nauyi. An ma gwada shi kafin tafiyar, aka sa mutum 30 suna gudu daga wannan gefe zuwa wancan, jirgin ya fara tangaɗi har aka dakatar da gwajin, amma aka bar shi ya tafi saboda sarki yana jiransa. An tsamo shi a 1961, yana gidan tarihi yanzu. Abin kallo ne ƙwarai, sai dai ba zai sake taɓa ruwa ba. Wanda yake son ya san yadda irin wannan jirgi yake juyawa idan iska ta sauya, dole ya koma ga na kwaikwayo.

Maganar kuɗi

Ba zan raina wannan ƙorafi ba. Hermione ya ci sama da Yuro miliyan 20. Ya je Amurka a 2015 ya dawo, aka yi ta shagali, sai ga shi a 2021 an gano fumfuna ta cinye wani sashe na katakonsa, aka kai shi wurin gyara kusa da Bayonne, ana neman wasu miliyoyin. Katako a cikin ruwa kullum yana bin mai shi bashi.

Amma a lura da inda kuɗin ya fito da inda ya koma. Tun ana ginin aka buɗe wurin ga jama'a, miliyoyin mutane suka biya kuɗin shiga don su ga kafintoci suna aiki. Garin da tashar sojan ruwansa ta rufe tun 1927 ya sake samun abin da ke jawo baƙi. Kuɗin ya shiga aljihun masu sana'a da masu masauki da masu sayar da abinci.

Wanda kuma ya ce a bari kawai, ya tuna da HMS Implacable. Shi ma ya halarci yaƙin Trafalgar, a ɓangaren Faransa, kafin Ingilishi su kama shi. Ya rayu har bayan yaƙin duniya na biyu. A Disamba 1949, saboda an ce babu kuɗin gyara, aka ja shi zuwa teku aka dasa masa nakiya aka nutsar da shi. An yi tsimin kuɗin shekara ɗaya, an rasa abin da ba zai dawo ba.

Inda labarin ya karkace

Yawancin masu son waɗannan jirage ba a gidan tarihi suka fara son su ba, a ƙagaggun labarai ne. C. S. Forester ya fara jerin littattafansa na jiragen yaƙi a 1937. Patrick O'Brian ya rubuta littattafai 20 daga 1969 zuwa 1999, kuma daga cikinsu aka yi fim ɗin Master and Commander a 2003. Jirgin da aka yi amfani da shi a fim ɗin ma na kwaikwayo ne: an ƙera shi a Kanada a 1970 da sunan Rose, bayan fim aka bar masa sunan da ya ci a labari, Surprise, yana San Diego yanzu. Wato ƙagaggen labari ya raɗa wa jirgi na gaske suna.

Ba na ƙin waɗannan labarai. Akwai gwaninta a cikinsu, kuma ba su ɓoye bulalar da ake yi wa matuƙa ba, ko yankan ƙafa babu allurar kashe zafi, ko yaran da ake turawa ɗauko albarushi a tsakiyar wuta. Amma mai ba da labari yana da zaɓi. A littafin da aka fi ɗauko fim ɗin daga ciki, jirgin da ake farauta na Amurka ne. A fim sai aka mayar da shi na Faransa, aka ja shekarar baya zuwa 1805. Idan har ana iya sauya abokin gaba sukutum don kada ran mai kallo ya sosu, to mene ne kuma aka bari a waje?

Abin da aka bari shi ne aikin da waɗannan jirage suka yi a mafi yawan kwanakinsu. Yaƙi irin na Trafalgar na yini ɗaya ne. Sauran shekarun, aikinsu tsaron hanyoyin ciniki ne, kuma a ƙarni na 18 babban cinikin tekun Atlantika shi ne sukari da mutanen da ake tilasta wa nomansa. Jiragen Birtaniya kaɗai sun kwashi 'yan Afirka sama da miliyan 3 kafin a hana cinikin a 1807, kuma sojojin ruwan ƙasar ne suke ba su kariya. Rochefort da aka ƙera Hermione maƙwabciyar La Rochelle ce, ɗaya daga manyan tashoshin jiragen bayi na Faransa. Ana yi wa Hermione kirari da jirgin 'yanci, saboda ya kai Lafayette, wani hafsan soja Bafaranshe, Amurka a 1780 don taimaka wa masu neman 'yancin kai. Kirarin gaskiya ne. Sai dai ƙasar da aka taimaka ta samu 'yancin ta ci gaba da riƙe bayi har 1865.

Don adalci, ɗaya daga littattafan O'Brian ya kai jarumansa gaɓar Afirka ta Yamma suna farautar jiragen bayi. Amma ko a can labarin na kyaftin ne da abokinsa likita. Mutanen da ke ɗaure a cikin jirgi abin tausayi ne da ake leƙawa a gani, ba masu baki ba.

Alhali kuwa sun yi magana. Olaudah Equiano, wanda ya ce a ƙasar Ibo aka haife shi, bawan wani hafsan sojan ruwa ne. A 1759 yana cikin jirgin HMS Namur mai igwa 90, yana yaro, yana jigilar albarushi zuwa bakin igwa a yaƙin da aka yi kusa da garin Lagos na Fotugal. Ya rubuta tarihin rayuwarsa da hannunsa, aka buga a 1789. A 1995 aka tono katakon wani jirgi a ƙarƙashin daɓen wani ɗaki a Chatham ta Ingila, daga baya aka gane na Namur ne. Katakon da ƙafar wannan yaro ta taka yana nan.

Ruwan biri da gada

Yanzu ga amsar da ban ba dattijonmu ba.

Daga 1808 Birtaniya ta ajiye rundunar jiragen yaƙi a gaɓar Afirka ta Yamma don tare masu fataucin bayi. Cikin kimanin shekara 60 sun kama jirage kusan 1,600, sun sauke mutane kusan 150,000, mafi yawa a Freetown ta Saliyo. Zazzaɓi ya kashe matuƙansu da yawa. Tare da su akwai 'yan ƙabilar Kru na Laberiya, waɗanda su ne gwanayen ratsa igiyar ruwan gaɓa da kwalekwale.

Su wa ake saukewa? Akwai Samuel Ajayi Crowther, yaron Yarabawa da jirgin HMS Myrmidon ya kuɓutar kusa da Legas a 1822. Akwai Ali Eisami, ɗan malami daga Barno, wanda aka kama aka yi ta sayarwa hannu zuwa hannu, ya ratsa ƙasar Hausa ya kai ƙasar Yarabawa, aka loda shi a jirgi a 1818, jirgin yaƙin Ingilishi ya tare su. Kuma akwai Hausawa. Lokacin da wani Bajamushe mai suna Koelle ya tattara kalmomin harsunan Afirka daga bakin 'yantattun bayi a Freetown, littafin da aka buga a 1854, ya rubuta Hausar Kano da ta Katsina. Daga bakin wa ya ji? Daga bakin mutanen da aka fito da su daga cikin jirgi.

Waɗanda ba a tare jirginsu ba kuwa sun isa Bahia ta Brazil. Hausawa sun shirya bore a can a 1807, sun yi a 1809 da 1814. A Janairun 1835, cikin watan azumi, Musulmin Bahia suka tashi, akasarinsu Yarabawa tare da Hausawa, sanye da fararen riguna, da layu da rubutun Larabci a jikinsu. Takardun nan suna ajiye har yau.

Wannan magana tana da ɗaci a gare mu ma, kuma ba zan kauce mata ba. Ba Bature ne ya zo Kano ko Katsina ya ɗaure waɗannan mutane ba. Yaƙe-yaƙenmu da hare-harenmu ne suka samar da su, fatakenmu ne suka gangara da su kudu. Bauta ba ta ƙare a doka a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Don haka idan na ce a faɗi labarin gaba ɗaya, har da namu kason nake nufi.

Kada kuma a ɗauka rundunar nan waliyyai ce. Ita ce ta yi wa Legas luguden wuta a Disamba 1851, ta kori Sarki Kosoko ta naɗa Akitoye, bayan shekara 10 aka mallake garin. John Glover, wanda ya tara Hausawa tsoffin bayi a Legas a 1863 ya ba su bindiga, hafsan sojan ruwa ne. Daga wannan tushe sojojin mulkin mallaka suka tsiro, irin waɗanda suka shiga Kano a 1903. Hannun da ya kwance mari shi ne ya dasa tuta. To yaya za a ce ba ruwanmu?

"Su yi nasu, mu yi namu"

Wani zai ce kowace ƙasa jarumanta take rayawa, kuɗinsu ne, tarihinsu ne. Akwai gaskiya a nan. Ba wanda zai hana Bafaranshe alfahari da Hermione, kuma ban ce a daina ba.

Amma tarihin teku ba na mutum ɗaya ba ne. Jirgi yana da tashar da ya baro da wadda ya nufa. Kuma an riga an nuna cewa abin yana yiwuwa. A 2000 aka saka kwaikwayon Amistad a ruwa a Amurka, jirgin da Sengbe Pieh da 'yan uwansa Mende, waɗanda aka kama bayi, suka ƙwace daga hannun masu tsaronsu a 1839, har ya kai ziyara Freetown a 2007. A Baltimore akwai USS Constellation, wanda a 1860 ya kama jirgin Cora ɗauke da mutum 705 aka sauke su a Monrovia. Shi kansa Constitution da ake yi wa kirari da yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Birtaniya, kamunsa na ƙarshe jirgin bayi ne, a gaɓar Afirka a 1853. Mutum nawa cikin masu ɗaukar hoto a gabansa suka san haka?

Da za a tambaye ni jirgin da ya fi cancanta a sake ƙerawa, ba zan yi dogon tunani ba. Sunansa na farko Henriqueta. Ƙaramin jirgi ne mai gudun gaske, yana jigila tsakanin gaɓar Benin da Bahia, hanyar da aka bi da Hausawa. Ya kai mutane sama da 3,000 kafin HMS Sybille ya kama shi a Satumba 1827 da mutum 569 a cikinsa. Ingilishi suka ga manyan jiragensu ba sa iya cim ma irinsa, sai suka saye shi, suka sauya masa suna zuwa Black Joke, suka mayar da shi mafarauci. A Fabrairun 1829 ya bi wani jirgin Sifaniya, El Almirante, sama da yini guda. Wancan yana da igwa 14, shi kuwa 2 kacal. Ya kama shi, aka kuɓutar da mutum 466. A 1832 aka ce katakonsa ya ruɓe, aka banka masa wuta a Freetown.

Jirgi ɗaya ke nan da ya yi aikin biyu, kuma ba a sake ƙera shi ba. Bai kai rabin girman Hermione ba, ba zai ci kuɗinsa ba. Ina so a ƙera shi, a bar samansa yadda yake lokacin da yake farauta, a bar cikinsa yadda yake lokacin da yake Henriqueta, da ƙarancin tsawon da ba ya barin mutum ya miƙe tsaye. A sa matasan Saliyo da Najeriya da Brazil cikin masu sassaƙarsa, tare da masassaƙan kwalekwale irin na Yawuri, su ga nasu sanin ya haɗu da wani. In an gama ya tsaya a Freetown, ya tsaya a Badagry da Legas, ya haye zuwa Salvador, babban birnin Bahia.

Kafin a samu mai kuɗin wannan, akwai abin da ba ya buƙatar katako ko ɗaya. Marubutanmu suna fitar da littattafai ba adadi, a kasuwa da a waya. Ga labarin yaron da aka ɗauke daga wani ƙauye a ƙasar Katsina yana tsakiyar haddar izu na 10, aka bi da shi ta Nufe har bakin ruwan da bai taɓa ganin irinsa ba. Yana kwance a cikin duhu, sai ya ji ƙarar igwa a sama, bai san ko masu ceto ne ko wasu masu saye ba. Bayan shekara 30, ya tsufa a Freetown, wani Bature ya zo da takarda da alƙalami yana tambayarsa yadda ake cewa ruwa da wuta da uwa a harshen garinsu.

Na faɗa wa ƙanena wannan da daddare, bayan dattijon ya shiga gida. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yaya, ya sunan jirgin kuma?" Na maimaita masa, ya rubuta a wayarsa.